Yadda ake bin sawun sabuwar burauza tun kafin ta iso Damagaram

Duk wata sai an ji wani a majalisa, ko a gaban shagon masu gyaran waya a kasuwar Dole, yana cewa wai Chrome mai zuwa za ta daina cin mega, ko wai Firefox za ta zo da abu kaza. Rabin zancen nan ji-ta-ji-ta ne. Alhali kuwa masu ƙera burauzan nan a fili suke aikinsu, kuma duk mai ɗan rezo yana iya duba inda aiki ya kai da idonsa. Abin da ake buƙata shi ne sanin inda za a duba, da yadda za a rarrabe abin da tabbas zai zo da abin da ake gwadawa kawai.

Fara da sanin lambar da kake kai

A Firefox, buɗe jerin zaɓi na kusurwar dama, ka shiga wurin taimako. Yawancin kwamfutocin da ke Zinder da Faransanci suke, don haka za ka ga "Aide", sannan "À propos de Firefox". A Chrome, rubuta chrome://version a wurin adireshi, ya fi sauri. Lambar Chrome kashi huɗu ce, kamar 120.0.6099.109. Ta farkon ce babbar siga, sauran na gyare-gyare ne. Rubuta lambarka a takarda, domin duk lissafin da ke tafe daga gare ta yake tashi.

Layukan da sabon abu yake bi

Masu Firefox suna kwatanta aikinsu da jirgin ƙasa: yana tashi a kan lokaci, kayan da suka shirya su hau, waɗanda ba su shirya ba su jira na baya. Ba a tsayar da jirgi don kaya ɗaya. Tun 2020 tazarar mako huɗu ce tsakanin siga da siga, kuma galibi ran Talata ake saki. Chrome ma ta koma mako huɗu daga siga ta 94 a 2021. Da can, daga Firefox 5 a 2011, mako shida ne, daga baya ya zama shida zuwa takwas. Tazarar nan tana iya sake canzawa, shi ya sa gara a duba jadawali da a dogara da hadda: na Firefox yana whattrainisitnow.com, na Chrome yana chromiumdash.appspot.com a sashen jadawali.

Firefox tana da Nightly, wadda ake haɗawa sau biyu a rana daga aikin da aka shigar. Sai Beta, wadda ita ce siga mai zuwa ana share mata ƙura. Sai ta kowa da kowa. Akwai Developer Edition da aka gina a kan Beta don masu haɗa shafuka, da ESR wadda ake canza babbar lambarta kusan sau ɗaya a shekara, a tsakani galibi gyaran tsaro take samu. Lissafin mai sauƙi ne: idan ta hannunka 140 ce, Beta 141 ce, Nightly kuwa 142. Daga lambar ma ana ganewa, domin Nightly tana ƙarewa da a1, kamar 142.0a1, Beta kuma da b da lamba, kamar 141.0b5. A Chrome sunayen su ne Canary, Dev, Beta da Stable, sai Extended Stable ta ma'aikatu mai tazarar mako takwas.

Abin da wannan yake nufi: sabon abu da ya shiga Nightly yau, in komai ya tafi daidai, tsakanin mako huɗu ne zuwa takwas ya iso gare ka. Amma "in komai ya tafi daidai" ɗin nan shi ne duk maganar.

Rarrabe tabbas da wataƙila

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka bari a daɗe a kai.

Ganin abu a Nightly ko Canary ba alkawari ba ne. Da yawa ana kunna su a can kaɗai, idan sigar ta wuce Beta sai a kashe su da gangan. Firefox ma tana da wata al'ada da ba kowa ya sani ba: akwai abubuwan da ake barin su a kunne a farkon zangon Beta, sai a kashe su a tsakiyar zangon. Wanda ya gwada b2 ya tafi yana shela, ranar saki sai ya ji kunya. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne Beta ta makon ƙarshe, a sabon furofil (akwatin tarihi da saitunan burauza) da ba a taɓa masa komai ba. Abin da ka tarar a kunne a can, shi ne zai zo. Shafin MDN na Mozilla, masu Firefox, mai bayanin abubuwan gwaji na Firefox yana nuna wannan ɓaro-ɓaro: kowane abu da teburinsa, an rubuta ko yana kunne a Nightly, a Beta, ko a ta kowa, da sunan makunninsa, wato saitin ɓoye da ake kunna shi da shi.

A ɓangaren Chrome, chromestatus.com ne wurin. Kowane abu da matakinsa: ana ƙera samfuri, ana gwaji a bayan makunni, ana gwajin da wasu shafuka suka yi rajista don shiga na ɗan lokaci, ko an yanke shawarar saki. Matakin ƙarshe kaɗai, tare da lambar siga a gefensa, shi ne abin dogaro. Sai dai a sani, shafin nan ya fi karkata ga abin da ya shafi masu haɗa shafuka. Canjin fuskar burauza ba duka ake samunsa a can ba.

Tarihi ya isa shaida. A Janairun 2020 Google ta ce cikin shekara biyu za ta kawar da kukis ɗin da kamfanonin talla suke bin sawun mutane da su daga shafi zuwa shafi. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, a Yulin 2024 ta janye shirin. Tsarin hoto na JPEG XL ya zauna a bayan makunni a Chrome, aka cire shi a siga ta 110. Duka biyun an yi ta rubutu a kansu kamar gobe za su iso.

Akwai kuma abin da ya iso amma bai iso wurinka ba. Kamfanonin suna sakin wasu abubuwa kaɗan-kaɗan: yau kashi kaɗan na masu amfani, bayan kwanaki a ƙara. Haɗa tab rukuni-rukuni a Firefox haka ya zo, ya fara da siga ta 137 a Afrilun 2025 ga wasu, ya game sauran daga baya. Saboda haka kwamfuta biyu a tebur ɗaya, lamba ɗaya, ɗaya tana da abu ɗaya ba ta da shi, kuma babu wadda ta lalace. Kada ka goge ka sake sakawa, asarar forfe ce kawai. A Firefox, about:studies yana nuna gwaje-gwajen da aka saka ka a ciki. Chrome kuma tun siga ta 110 tana ba wasu ƴan kaɗan sabuwar Stable kusan mako guda kafin kowa.

Wanda yake son bin aiki guda har gindinsa sai ya je bugzilla.mozilla.org. Kowane aiki da lambarsa. NEW na nufin an yarda akwai shi, ASSIGNED wani ya ɗauka, RESOLVED FIXED an shigar da gyaran. Amma shigar da gyara a Nightly ake yi; don sanin sigar da zai fito a ciki, dubi layin Milestone da ƴan alamomin da ke cewa siga kaza "fixed", siga kaza "affected" ko "wontfix". Idan gyaran na gaggawa ne, akan nemi izinin ɗaga shi zuwa Beta don ya riga jirginsa isowa.

Tambayar da ta fi muhimmanci a garin nan

Kafin ka tambayi me sabuwar siga za ta kawo, tambayi ko za ta hau na'urarka. Kwamfutocin gwanjo sun yi yawa a ofisoshi da wuraren buga takardu, kuma har yanzu ana cin karo da Windows 7. Chrome 109, ta Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe a Windows 7 da 8.1, haka ma Edge 109, burauzar Microsoft. Firefox ta tsaya a 115, aka mayar da masu waɗannan na'urori layin ESR 115. A waya, Chrome 139 ta 2025 tana buƙatar Android 10 ko sama. Mai Android 8 ko 9 ya tsaya a 138. Wayar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ci gaba da buɗe shafuka, gyaran tsaro ne kawai ya daina zuwa. Microsoft kuma ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ran 14 ga Oktoban 2025, don haka mai ita ya riƙa karanta sashen buƙatun na'ura a sanarwar kowace siga.

Zama a tsohuwar siga yana da ranar biya. Ran 14 ga Maris 2025 wata takardar shaidar tushe da ke cikin Firefox, wadda take tantance ƙarin manhajoji (ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauza) da ita, ta ƙare wa'adi, waɗanda suke ƙasa da 128, ko ƙasa da ESR 115.13, ƙarin manhajojinsu suka daina aiki.

Sabuwar siga tana kuma tafiya da abu, ba kawowa kaɗai take yi ba. Yanayin rage cin mega na Chrome a Android, wanda ake kira Lite, an cire shi a siga ta 100 a 2022. Firefox 57 a Nuwamban 2017 ta watsar da dukkan ƙarin manhajoji na tsohon tsari. Sauyin Chrome zuwa Manifest V3, sabon tsarin ƙarin manhajoji, ya sa mai toshe talla uBlock Origin ta asali ta daina aiki a can, sai ƙaramarta mai suna Lite, alhali a Firefox tana nan. Ga mai sayen forfe, mai toshe talla ba ado ba ne, don haka a sanarwar Beta fara karanta abin da za a cire kafin abin da za a ƙara.

Saka sigar gwaji ba tare da ɓata ta aiki ba

Da farko adana kayanka. A Firefox danna Ctrl+Shift+O, ka shiga "Importation et sauvegarde", ka fitar da alamomin shafuka a fayil na HTML, ka kwafa a kile. Kalmomin sirri ana fitar da su daga about:logins, amma fayil ɗin CSV ne a buɗe, duk wanda ya samu ya karanta. Kada ya kwana a kilen da ke yawo hannu-hannu. In ka gama da shi, goge shi.

Sannan sauko da cikakken fayil ɗin sakawa. Maɓallin farko da shafin yake nuna maka yakan ba da ɗan ƙaramin fayil wanda shi ma sai ya ja sauran daga intanet, kuma idan rezo ya yanke a tsakiya, aiki ya koma farko. Nemi shafin da ke jera dukkan harsuna da nau'o'in na'ura, ka zaɓi Beta, ka zaɓi 64-bit ko 32-bit daidai da Windows ɗinka, da harshen da kake so. Na Firefox ya haura megabayit 50, na Chrome ya haura 100. Sauko da shi sau ɗaya inda rezo yake da ƙarfi, ko da dare idan layi ya yi sauƙi, ka zuba a kile ka raba wa sauran na'urori. Daga shafin kamfanin kaɗai. Fayil ɗin da aka turo a WhatsApp da sunan "sabuwar Chrome" ba abin buɗewa ba ne.

Wurin sakawa ne ake yin kuskure. Nightly da Developer Edition suna da babban fayil nasu daban, suna zama gefe da gefe da ta aiki. Firefox Beta a Windows kuwa, in ka bi ta da "na gaba, na gaba", kan ta aikinka za ta hau. Zaɓi sakawa ta musamman, ka ba ta wani wuri, misali ka ƙara kalmar Beta a ƙarshen sunan. Chrome Beta, Dev da Canary kowace da wurinta da tambarinta, ba su taɓa Stable. A Android ma manhajoji ne daban-daban a Play Store, sai dai kowace tana cin wuri, kuma waya mai gigabayit 32 da ta cika da bidiyo ba za ta ji daɗi ba.

Furofil shi ne akwatin da ke riƙe da tarihinka, kalmomin sirri da saituna. Tun Firefox 67 kowace sakawa tana da nata. Dalili kuwa: idan sabuwar siga ta buɗe akwatin, takan canza tsarin abin da ke ciki, tsohuwa kuma ba ta iya karanta sabon tsari. Wanda ya buɗe furofil ɗin aikinsa da Nightly, ya dawo ta kowa, zai tarar da gargaɗi cewa ya buɗe tsohuwar siga, a ce ya ƙirƙiri sabon furofil. Akwai umarnin --allow-downgrade da ke tsallake gargaɗin, amma hanyar lalata tarihi da alamomi ke nan. Abin da ya dace: rubuta about:profiles, ƙirƙiri sabo, sa masa suna "gwaji", kada ka haɗa shi da asusunka na daidaita bayanai. Kuma kada ka shiga banki ko wurin tura kuɗi da sigar gwaji.

Wane layi? Ga yawancin mutane, Beta. Nightly da Canary suna jan sabuntawa kullum, kuma a forfe na waya wannan rami ne marar ƙasa. In dole sai Nightly, shiga saituna ka zaɓi ta duba mizajur amma ta bar maka shawarar sakawa. A waya kuma ka sa Play Store ta sabunta ta Wi-Fi kaɗai. Mai siber ko mai kula da kwamfutocin makaranta ya bar dukkan na'urori a ESR, ya ware guda ɗaya tak ta Beta, don ya ga matsala tun kafin ta iso kan kwastoma.

Makunnan ɓoye

A Chrome suna chrome://flags, a Firefox suna about:config, kuma tun siga ta 130 akwai sashen Firefox Labs a cikin saituna, wanda ya fi aminci don da akwatin dannawa ne kawai. Doka ɗaya ce: makunni ɗaya a lokaci ɗaya, rubuta sunansa da yadda ka same shi, sake buɗe burauza, gwada. Wanda ya kunna goma a zama ɗaya, abu ya lalace, ba zai san mai laifi ba. A chrome://flags akwai maɓallin "Reset all" a sama. In Chrome ta ƙi buɗewa sam, ƙara --no-experiments a ƙarshen layin gajeriyar hanyarta, za ta tashi ba tare da makunnan ba. Makunnan Chrome suna da wa'adi, bayan ƴan sigogi sukan ɓace, ko don abin ya zama na kowa ko don an fasa.

Me za a gwada

Shafukan da kake rayuwa da su, ba shafukan nuna bajinta ba: wurin rajistar ɗalibai idan kana Jami'ar André Salifou, akwatin wasiƙarka, WhatsApp na kwamfuta, buɗe PDF da buga shi a firinta. Buga takarda yana cikin abubuwan da canjin siga ya fi taɓawa, kuma shi ne abincin masu sakatariya a bakin titi.

Gwada haruffanmu. Rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ a wurin adireshi, a cikin fom, da wurin nema na Ctrl+F. Duba ko sun fito daidai da sauran haruffa ko sun yi tsalle da wani salo, ko sun zama akwati. Galibi laifin salon rubutun shafin ne da ba shi da harafin, burauza ta aro daga wani. Amma idan a tsohuwar siga daidai yake, a Beta ya karkace, ka kama abin kai ƙara. Ƴ ta fi shan wahala, domin a Nijeriya 'y ake rubutawa, masu gwada ta ba su da yawa. Mai karanta ajami ya buɗe shafi ya duba haɗuwar baƙaƙe da zaman wasulla. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, rubutun Hausa a shafukan hukuma ba zai ragu ba, kuma in ba mu gwada ba babu mai gwada mana.

A na'ura mai RAM gigabayit 4, buɗe tab goma iri ɗaya a tsohuwa da sabuwa, ka kwatanta: Shift+Esc yana buɗe ma'aunin aiki a Chrome, about:processes a Firefox. Yi gwajin da safe. A zafin Afrilu da Mayu, kwamfutar da ƙura ta toshe mata fanka tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai a ɗora wa burauza laifin da ba nata ba.

Idan abu ya lalace

Kafin ka zargi Beta, duba agogo. Idan ƙaramin batirin cikin kwamfuta, CR2032, ya mutu, duk ɗaukewar kuran kwanan wata yana komawa shekarun baya, sai kowane shafi ya ƙi buɗewa da saƙo irin NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Gyara kwanan wata, sa yankin lokaci na UTC+1, canza batirin.

Baƙin allo, walƙiya ko bidiyo mai kore yawanci rikici ne tsakanin sabuwar siga da tsohon direban katin hoto. Kashe "accélération graphique" ko "accélération matérielle" a saituna, ka sake buɗewa. In ya gyaru, ka san inda ciwon yake. Idan shafi ɗaya ne ya ƙi, gwada shi a "Mode de dépannage" na Firefox, wanda ke kashe ƙarin manhajoji. In ya yi aiki a can, kunna su ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. Sabuntawar da kuran ya yanke a tsakiyarta kuwa, sake bi ta kai da cikakken fayil ɗin da ke kilenka, furofil ba zai taɓu ba. A kwamfutar tebur marar ondila, kada a fara mizajur a lokacin da aka san ana yawan ɗauke wuta.

In duk wannan bai warware ba, kuma matsalar tana faruwa a sabon furofil a Beta amma ba ta faruwa a ta kowa, to ka samo kwaro na gaske, kuma lokacin Beta ne ake iya kashe shi kafin ya iso ga jama'a. Rahoto mai amfani abu huɗu ne: matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ka zata zai faru, abin da ya faru, da lambar siga tare da nau'in Windows ko Android. Shafin about:support yana da maɓallin kwafe bayanan na'ura, about:crashes kuma yana riƙe da lambobin faɗuwar burauza. Da Turanci ake rubutu a Bugzilla, amma gajerun jimloli da hoton allo sun wadatar. Rufe sunaye da lambobin mutane a hoton kafin ka tura.

Mai son kai aikin ƙarshe yana iya amfani da manhajar mozregression. Za ka ba ta ranar da abu yake lafiya da ranar da ya lalace, sai ta sauko da Nightly ta tsakiya, ka gwada ka ce mai kyau ce ko maras kyau, ta sake raba ragowar biyu. Tazarar shekara guda takan ƙare a zagaye tara ko goma, daga nan ta shiga cikin gyare-gyaren ranar har ta nuna wanda ya jawo matsalar. Kowane zagaye cikakkiyar burauza take saukowa da ita, wato a lissafa abin da ya kusa gigabayit guda, don haka aikin Wi-Fi ne, kuma a matse tazarar kwanakin gwargwadon iko tun kafin a fara.